Dick Tiger (1929–1971): Rayuwarsa da Batun Haura Ajin Nauyi a Fagen Dambe

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Richard Ihetu, wanda duniya ta fi sani da Dick Tiger, ɗan damben zamani na Nijeriya da ya riƙe kambun duniya a azuzuwan nauyi biyu. An ɗora tarihin nasa a kan wata tsohuwar muhawara ta masana dambe, wato ko wajibi ne ɗan dambe ya haura ajin waɗanda suka fi shi nauyi kafin a yarda da jarumtakarsa. An kuma kwatanta lamarin da damben gargajiya na Hausawa, wanda bai san sikeli ba. Maƙalar ta nuna cewa larura ce ta kai Tiger ajin sama bayan ya riga ya kafa sunansa, kuma ingancin abokan karawa shi ne ma'aunin da damben biyu suka yi tarayya a kansa.

1.0 Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukan ƙasar Sakkwato, irin su Boɗinga da Shagari, kaka ita ce lokacin dambe tun kaka da kakanni. Idan amfanin gona ya zo gida, makaɗa suka saki kalangu, sai 'yan dambe su fito fage, kowa da zare naɗe a hannu ɗaya. Ba a auna kowa. Ido ne ke haɗa mutum da daidai da shi, kuma wanda ya ga ƙarfinsa ya kawo yana iya neman wanda ya fi shi jiki. Idan ya yi kisa, wato ya kai shi ƙasa, sunansa ya tashi. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago sun adana wannan fahimta: darajar ɗan dambe tana ga mazajen da ya tara da su.

Damben zamani, wanda Turawa suka kawo, ya ginu ne a kan sikeli. A zamanin da ake magana a kai, manyan azuzuwan nauyi takwas ne. Uku daga cikinsu sun shafi wannan nazari: ajin laba 147, da ajin matsakaita mai iyakar laba 160 (kimanin kilo 72 da rabi), da ajin laba 175 (kimanin kilo 79), wanda daga shi sai ajin manya. Wannan rabe-rabe ne ya haifar da tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta. Wasu na ganin zakaran da ya tsaya a ajinsa ya ɓoye ne a bayan sikeli. Wasu kuma na ganin mallake aji ɗaya na tsawon shekaru ya ishi mutum shaida. A tarihin Nijeriya babu wanda rayuwarsa ta taɓo kowane ɓangare na wannan tambaya kamar Dick Tiger.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Richard Ihetu ranar 14 ga Agusta, 1929, a garin Amaigbo na ƙasar Ibo, wanda a yau yake cikin Jihar Imo. Iyayensa manoma ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, saboda haka karatunsa bai yi nisa ba. Ya koma birnin Aba, inda ya shiga 'yan ƙananan sana'o'in kasuwa, ciki har da tara kwalabe yana sayarwa. A Aba ɗin ne ya fara dambe, kuma a can ne laƙabin Tiger, wato damisa, ya bi shi saboda yadda yakan daka tsalle ya afka wa abokin karawa.

Ya shiga damben neman kuɗi a farkon shekarun 1950. Mutum ne gajere, tsawonsa ƙafa 5 da inci 8, mai kaurin ƙirji da cinyoyi. Wannan ƙirar jiki ita ce ta tsara masa salon faɗa har ƙarshen rayuwarsa: ya matso kusa, ya jure duka, ya rama da ƙugiyar hagu a haƙarƙari da muƙamuƙi. Ita ce kuma ta shata masa iyaka, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Zaman Ingila

A shekarar 1955 Tiger ya tafi Liverpool, birnin da 'yan damben Afirka ta Yamma suka saba sauka. Hogan Bassey, ɗan Kalaba, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya a 1957, ya riga shi zuwa can. Farkon zaman bai yi wa Tiger daɗi ba. Sanyi ya dame shi, yana aikin ƙarfi a masana'anta da rana, kuma ya sha kaye a karawarsa huɗu na farko, duk da maki.

Al'amura sun juya a 1957, lokacin da aka kawo shi Landan domin ya zama tsani ga wani matashi mai tasowa, Terry Downes. Sai reshe ya juya da mujiya: Tiger ya lallasa shi har aka tsayar da faɗan. Downes ɗin nan ne ya zo ya ci kambun duniya na matsakaita a 1961. A watan Maris na 1958 Tiger ya doke Pat McAteer a turmi na tara, ya karɓi kambun matsakaita na Daular Birtaniya. Daga nan Ingila ta yi masa kaɗan.

4.0 Amurka da Kambun Matsakaita

Tiger ya isa Amurka a 1959, a hannun manajansa Jersey Jones. Ajin laba 160 a wancan lokaci cike yake da mazaje, kuma sai da ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya kara da Joey Giardello sau biyu a shekarar, kowa ya ci ɗaya. Kambun daula ya kuɓuce masa zuwa hannun Wilf Greaves a Kanada a 1960, ya ƙwato shi kafin shekarar ta ƙare. A 1962 ya doke Florentino Fernandez ɗan Kuba da Henry Hank, dukkansu masu nauyin hannu da ake gudu.

Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a San Francisco, ya fuskanci Gene Fullmer, zakaran da aka sani da ƙarfin tsiya da turereniya. Tiger ya fi shi ƙarfi a turmi 15, ya karɓi kambun duniya. Sun sake haɗuwa a Las Vegas a Fabrairun 1963 aka tashi canjaras. Karo na uku shi ne wanda ya shiga tarihin ƙasa: ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Gwamnatin tarayya da gwamnatocin yankuna sun sa hannu wajen ɗaukar nauyin taron, domin ƙasar da ba ta cika shekara uku da samun 'yanci ba tana son nuna kanta ga duniya. A gaban dubban 'yan ƙasarsa Tiger ya yi wa Fullmer dukan da ya sa mutanensa suka tsayar da faɗan bayan turmi na bakwai. Fullmer bai sake shiga fage ba.

Wata huɗu kacal bayan haka, ranar 7 ga Disamba, 1963, Giardello ya raba shi da kambun a Atlantic City. Dabarar da ya yi amfani da ita abar lura ce: bai tsaya ba, yana zagaya fage, yana sakar hannu daga nesa yana janyewa. Joey Archer ma da irin wannan salo ya ci Tiger a 1964. Kusan shekara biyu Giardello yana jan ƙafa kafin ya ba da damar ramuwa. A cikin wannan jira ne Tiger ya kayar da Rubin Carter sau uku a faɗa ɗaya a watan Mayun 1965. Ranar 21 ga Oktoba, 1965, a zauren Madison Square Garden na New York, ya ƙwato kambunsa yana da shekara 36. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon ɗan damben shekara sau biyu, a 1962 da 1965.

Ya kamata a riƙe wannan batu da kyau. Duk waɗannan nasarori a aji ɗaya aka same su. Da Tiger ya ajiye safar dambe a ƙarshen 1965, da ya tafi a matsayin zakaran duniya sau biyu, wanda ya kara da kusan duk wani mai suna a ajinsa.

5.0 Haurawa Zuwa Ajin Laba 175

Abin da ya tura Tiger sama wani ne da ya hauro daga ƙasa. Emile Griffith, zakaran ajin laba 147, ya nemi kambun matsakaita, aka haɗa su ranar 25 ga Afrilu, 1966. Griffith ya shiga fage da nauyin da ya gaza na Tiger da kusan laba goma. Ya yi amfani da sauri da zagaye, ya kuma kai Tiger ƙasa a turmi na tara, karon farko da hakan ta taɓa faruwa da shi. Alƙalai suka ba Griffith nasara, ko da yake yawancin 'yan jaridar da ke bakin fage sun ga Tiger ne ya ci. Ba a ba shi damar ramuwa ba.

Ga mutum mai shekara 37 a gaba, wanda ya ɗanɗana jiran Giardello, sake bin layi a ajin matsakaita tamkar ritaya ce. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta sama. Tsakanin laba 160 da 175 akwai ratar laba 15, kuma a lokacin babu wani aji a tsakani. Tarihi ma bai ƙarfafa gwiwa ba. Tun Bob Fitzsimmons, wanda ya ci kambun laba 175 a 1903, babu zakaran matsakaita da ya haɗa kambunan biyu. Sugar Ray Robinson da kansa ya gwada a 1952 a kan Joey Maxim, yana kan gaba da maki zafin rana da gajiya suka karya shi bayan turmi na 13.

Mai riƙe da kambun a 1966 shi ne José Torres, ɗan Puerto Rico, almajirin Cus D'Amato, wanda ya girmi Tiger a jiki, Tiger kuma ya girme shi da kusan shekara bakwai. Masu sharhi sun fi ba Torres nasara. Ranar 16 ga Disamba, 1966, Tiger ya hau sikeli da laba 167, Torres kuwa ya cika 175. Tiger ya shige cikin ƙirjinsa, ya riƙa saran jiki, alƙalai uku duka suka ba shi faɗan. Da aka maimaita ranar 16 ga Mayu, 1967, ya sake ci, wannan karon alƙalai biyu da ɗaya, abin da ya fusata magoya bayan Torres har suka yi ta jifa da kwalabe a zauren. A watan Nuwamba na shekarar ya kare kambun a Las Vegas, inda ya tsayar da Roger Rouse a turmi na 12.

Abubuwa biyu ne suka bayyana wannan nasara. Na farko, Torres shi ma daga ajin matsakaita ya taso, saboda haka ratar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda sunan aji ke nunawa ba. Na biyu, manyan mutane sukan tsaya su yi musayar duka, wanda shi ne abin da Tiger ya fi so. Masu gudu da sauri, irin su Giardello da Archer da Griffith, su ne ciwon kansa. Ke nan ta fuskar salo, wanda ya fi shi nauyi ya fi masa sauƙi a kan wanda ya fi shi sauri.

6.0 Yaƙin Basasa da Karawa da Bob Foster

Shekarun da Tiger ya yi a ajin sama sun zo daidai da mafi munin lokaci a tarihin Nijeriya. Juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya sun kai ga shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, mako biyu bayan karawarsa ta biyu da Torres. Tiger ya tsaya a ɓangaren Biyafara. An ba shi muƙamin laftana a rundunarta, yana horar da sojoji motsa jiki, kuma a Amurka ya riƙa bayyana kansa a matsayin ɗan Biyafara. Dukiyar da ya tara ta hanyar tsimi, gidaje da sauran kadarori a Legas da Gabas, yawancinta ta salwanta. Daga baya, a 1969, ya mayar wa Birtaniya lambar girma ta MBE da ta ba shi, saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Duk yadda mai karatu ya ɗauki matsayin nasa, babu shakka yaƙin ya mayar da zakaran da ya kusa hutawa mai neman kuɗi ido rufe, domin iyali da dangi.

A cikin wannan hali ne ya amince ya kara da Bob Foster, mutumin da zakarun ajin suka daɗe suna kauce wa. An lamunce wa Tiger dala 100,000. Foster cikakken ɗan ajin laba 175 ne, dogo mai ƙafa 6 da inci 3, mai dogon hannu, kuma yana cikin masu nauyin duka da ajin ya taɓa gani. Ranar 24 ga Mayu, 1968, a New York, Tiger ya yi ta neman hanyar shiga, hannun Foster na tare shi daga nesa. A turmi na huɗu ƙugiyar hagu ta same shi a muƙamuƙi, ya faɗi rigingine. Wannan ne karo ɗaya tak a rayuwarsa da aka ƙirga masa goma. A nan ne ratar jiki ta gaske ta bayyana, irin wadda juriya da dabara ba sa cike ta.

7.0 Shekarun Ƙarshe

Kayen bai raba shi da fage ba. A watan Oktoban 1968 ya doke Frankie DePaula a wata karawa da kowannensu ya faɗi sau biyu, wadda The Ring ta zaɓa a matsayin faɗan shekara. Ranar 26 ga Mayu, 1969, yana da shekara 39, ya ci Nino Benvenuti ɗan Italiya, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun matsakaita, sai dai ba a sa kambun a faɗan ba. Karawarsa ta ƙarshe ita ce da Griffith a watan Yulin 1970, inda ƙaramin ya sake cin sa da maki.

Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Tiger yana New York ba dukiya. Ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi. A can ne ciwo ya kama shi, likitoci suka gano sankarar hanta. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi izinin dawowa gida a 1971. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42, aka binne shi a mahaifarsa. Kundin damben duniya ya lissafa masa nasara 60, kaye 19, canjaras 3. A 1991 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a Jihar New York.

8.0 Abin da Rayuwar ke Faɗa Game da Muhawarar

Mutum uku da suka haɗu a wannan tarihi sun isa misali. Griffith ya haura daga 147 zuwa 160 ya yi nasara. Tiger ya haura daga 160 zuwa 175 ya yi nasara, sannan ya ci karo da bango. Foster kuwa, da ya nemi haurawa ajin manya, Joe Frazier ya gama da shi a turmi na biyu a 1970, Muhammad Ali kuma a turmi na takwas a 1972. Duk da haka Foster ya kare kambunsa na laba 175 sau 14, kuma masana na sa shi a sahun farko na ajin. Da haurawa sharaɗi ce, da Foster, wanda ya kayar da Tiger, ya faɗi jarrabawar da Tiger ya ci, alhali hankali ba zai karɓi wannan hukunci ba. Haka nan Carlos Monzón na Ajantina, mai kare kambun matsakaita sau 14, da Marvin Hagler, mai kare shi sau 12, ba su taɓa neman kambun sama ba, kuma babu mai musun girmansu.

Akwai kuma batun canjin zamani. A yau azuzuwan sun kai 17, kuma hukumomin da ke ba da kambu sun yawaita. Tun 1984 aka fara ba da kambun duniya a ajin laba 168, wanda ya yi daidai da nauyin da Tiger ya riƙa hawa sikeli da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ɗan damben yau na iya tara kambuna a azuzuwa uku ko huɗu ta hanyar taka laba kaɗan-kaɗan da zaɓen zakara mafi rauni a kowane aji. Yawan azuzuwan da mutum ya ci, shi kaɗai, ba ya faɗin komai sai an san wa ya samu a can.

A nan ne damben Hausa ke da abin cewa. Saboda babu sikeli, 'yan kallo ba su taɓa ɗaukar nauyi a matsayin ma'auni mai zaman kansa ba. Suna yaba ƙaramin da ya kashe babba, amma abin da suke tambaya shi ne sunan wanda aka kashe da tarihinsa. Ƙato marar suna ba ya ƙara wa kowa daraja. Wanda suke zargi shi ne mai ƙin amsa kira idan takwaransa ya nuna shi a fage. Yanzu da masu shirya dambe a birane suka fara shigo da awon nauyi domin kare lafiyar 'yan wasa, tambayar da ta dami damben zamani za ta iso fagen gargajiya, kuma tarihin Tiger zai yi amfani wajen amsa ta.

9.0 Kammalawa

Dick Tiger ya kafa sunansa a laba 160, a kan Fullmer da Giardello da Carter da ire-irensu. Kambun laba 175 ƙari ne mai daraja, wanda rufewar ƙofa da tsufa suka kai shi gare shi, yaƙi kuma ya tilasta masa sayar da shi ga mafi hatsarin masu nema. Idan aka auna shi da ma'aunin 'yan kallon Boɗinga da Shagari, abin da zai fi ɗaga shi shi ne cewa daga Aba har New York bai zaɓi abokan karawa don sauƙinsu ba, ƙanana masu sauri da dogaye masu nauyin hannu duk ya amsa kiransu. Manazarta wasannin gargajiya na da aiki a gaba: tattara tarihin fitattun 'yan damben ƙasar Sakkwato daga bakin dattawa da waƙoƙin makaɗa, da bayanin wanda kowannensu ya kara da shi, tun waɗanda suka gani da ido suna raye.